Lemun Goggo na Ƙofar Ran

Mun tashi daga Zariya da asuba, ni da wani abokin aikina, da wuƙa da jiƙaƙƙen buhu a bayan mota. Goggona ce ta kira, ta ce za a sare lemun tsamin gidanmu na Ƙofar Ran da ke Bauchi a gina shago a wurin.

Damina ta zauna, hanyar Saminaka kore shar, sai dai ramuka sun sa abokina salati har Jos. A Nabordo muka tsaya sayen gasasshiyar masara, tsadarta ta sa muka raba guda ɗaya biyu. Da duwatsun Bauchi suka bayyana, sai na ji kamar an ba mu hutun makaranta.

Lungunmu ya matse. Filin da muke langa ya zama wurin ajiye keke napep, amma zaurenmu na nan, ƙamshin masa ma na nan. Goggo ta tare mu da sanda a hannu. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta raine mu, ni da ƙanina, bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Lemun bai taɓa wuce kafaɗa ba, kuma 'ya'yansa ba ƙwallo. Muna yara mun sha yanka su muna neman na shukawa. A wurin aikinmu na binciken tsirrai da wata 'yar ciyawa muke gwaji: idan ƙwayar gado guda ta sauya, sai ta tsumbure, ta yi fure amma ba iri. Ina zaton abin da ya sami lemun nan ke nan. In aka sare shi, ya tafi.

Goggo ta ce, "To yaya za ku yi da shi?"

Na ce, "Reshe za mu yanka, Goggo, mu yi masa aure da wani lemo."

Ta yi dariya har da tari. "Da tsufansa?" Sai ta shafa ganyen. "A inuwarsa ƙaninka ya koyi tafiya. Ku zaɓi rassa masu kyau."

Washegari muka juyo da rassan a naɗe, muka iso Zariya lafiya. Yawancinsu sun bushe, amma ɗaya ya kama, ya yi toho. Tafiyar nan ta koya mini cewa ba ta iri kaɗai ake barin baya ba.

Da na faɗa wa Goggo a waya, ta ce, "In ya yi ƙwari ka kawo mini. Na share masa wuri a ƙofar ɗakina."