Ƙodar Baba, ƙodar Baffa

Baba da ƙanensa Baffa ciwo ɗaya suka gada a wurin uwarsu, ciwon sukari. Baba yana sayar da yadi a kasuwar Maraɗi, Baffa kuma yana noman rani a Jiratawa, inda kwaɗon zogale ba ya yankewa a akushinsa.

Bayan taron ƙasa da ya buɗe ƙofar siyasa a Nijar, gari ya cika da tutocin jam'iyyu da yajin aiki. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ƙwayar da Baba yake sha ta yi wuyar samu a farmasi. A lokacin ne ƙafafunsa suka fara kumbura, har takalmi ya daina shigarsa. Wata safiya na ga kumfa ta taru inda ya yi fitsari, ta ƙi bajewa. Likita ya ce sukari ya ci ƙodar.

Duk Juma'a sai Baffa ya zo a kan kabu-kabu, rungume da buhun ganyen zogale. Inna ta dafa, Baba ya ci loma kaɗan ya ture kwanon.

"Yaya, ƙara ko kaɗan ne."

"Ka bari, cikin ba ya karɓa."

Baba bai kai damina ba. Ranar da aka kai shi makwancinsa, an yi juyin mulki, sojoji ne a kan tituna, mutane suna magana ƙasa-ƙasa.

Baffa ya rayu shekaru masu yawa bayansa. Suna kama ƙwarai, shi ya sa duk lokacin da na je gonar sai gabana ya faɗi: ga fuskar Baba da furfurar da bai kai ga yi ba, tana tsinkar ganye.

Da aka samu sukari a jinina, na tambayi wata likita labarin zogale. Ta ce masana suna binciken wasu sinadaran ganyaye da ƙila suke kare ƙoda daga ɓarnar sukari, amma ba a tabbatar ba, kada in bar magani.

Na kai wa Baffa maganar, ina zaton zai ji daɗi. 

"Da na sani, da tun Yaya yana da ƙarfi na fara kai masa," ya ce.

Na ce masa ba a tabbatar ba, kuma kwana ne ya ƙare. Ya gyaɗa kai, amma ranar bai ci abinci ba. Ya rasu cikin barci a wata kaka, ƙodarsa lafiya lau.