Bayan Hannun Kawu Ɗanmaliki

Kawuna Ɗanmaliki ba ya taɓa jikin mota da tafin hannu. Da bayan hannu yake shafawa. Na lura da haka ne wani hutu da na dawo daga jami'a, ina kai masa abincin rana gindin darbejiyar da yake wankin mota kusa da tashar Tambuwal. Shekara ashirin da uku na sabulu sun kashe masa tafin, bayan hannun ne kawai ke jin santsi.

A daminar bara direbobi suka fara guje masa. An buɗe sabon wurin wanki a bakin titi, inda ake zuba kananzir a ruwan ɗauraya, mota ta fito tana ɗaukar ido. Kawu ya ƙi yin haka. Sai da ya rage masa mutum ɗaya tak, Mu'awiya mai jigilar Kebbe, shi ma ya zo ranar nan ne don ya yi sallama.

"Baba, ka tsufa," in ji shi yana dariya. "Can mota har fuskarka kaka gani."

"Fuskar taka me ag gare ta na kallo? Ba ni motar kwana guda."

Kawu ya fito da kwalbar folish na feshi da ya sa aka sayo masa a Sakkwato. Ya ɗaura zare ya raba bonet biyu. Hagu ya goga ruwan kananzir, dama ya fesa folish. Bai yi feshin ba sai da ya tura motar inuwa ƙarfen ya huce, don a kan ƙarfe mai zafi, in ji shi, zane yake bari. Direbobi suka taru suna kallo, kuma gaskiya hagun ya fi sheƙi. Kawu bai musa ba.

"Tai Kebbe ka komo," ya ce. "Kada ka goge komi."

Washegari na kai abincin da wuri. Mu'awiya ya iso da jar laka har gilashi. Kawu ya ɗauki butar alwalarsa ya tsiyaya ruwa a kan zaren. A hagu ruwan ya shimfiɗe ya zama kunun ƙasa, ya manne. A dama ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangara da ƙasar gaba ɗaya, shuɗin fenti ya bayyana. Da wurin ya bushe, ya cire hularsa ya ɗora a dama, ta sulale ta faɗi ƙasa. Ya ɗora a hagu, ta zauna daram.

"Hular ma ta san gida," wani ya ce, aka fashe da dariya.

Kawu ya waiwayo. "Ɗiyata, ke da kin yi boko, hwaɗa musu."

Na matsa kusa da motar. Na miƙa bayan hannuna kawai na shafa daman, kamar yadda yake yi. Ji na yi kamar na taɓa faranti sabo.

Mu'awiya ya sosa ƙeya. "To Baba, haka za ka bar ni da rabin mota?"

"Shiga layi," in ji Kawu, don motoci biyu sun riga sun juyo gindin darbejiyar.

Ya karkaɗe hularsa ya mayar, ya wanke hannu da sauran ruwan butar, ya zauna ya buɗe kwanon tuwonsa.