Ƙofar Filomena

Shekara sittin da uku Porzia ta yi a lungu ɗaya cikin tsohon garin Bari. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan take murza taliya a bakin ƙofa. Kamar kowace matar lungun, kullum da safe sai ta wanke duwatsun ƙofar gidanta da sabulu har su yi ƙyalli. Ka taɓa mata komai, amma ban da sunan lungun nan.

Sai ga jikarta da littafin masu yawon buɗe ido. Wani ɗan Ingila ya sa hoton lungun, ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa: sordid. Porzia ba ta jin Turanci, kuma Allah bai yi ta da barin abu a duhu ba. Ta ɗauki littafin sai wurin Sabino, tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jiragen ruwan Ingila.

"Kawu Sabino, duba min nan. Yabo ne ko zagi?"

Ya gyara tabarau. "Zagi ne, 'yar nan. Ƙazanta yake nufi."

"Ƙazanta? A lungunmu? Makaho ne shi?"

"Tsaya mana, sarauniyar gaggawa. Ba dattin ƙasa kaɗai suke kira haka ba. Har hali, in mutum ya yi abin ƙasƙanci da ba zai so a gani ba."

Ta fizge littafin ta ƙura wa hoton ido. Duwatsu fes ko'ina, sai baƙin tabo guda a tsakiya: ƙofar Filomena. Tun da aka kai ɗan Filomena gidan yari, shekara huɗu ke nan, mata suka daina gaishe ta. Al'adar lungun kuwa, in mace ta gaza, maƙwabciyarta ke wanke mata ƙofa. Filomena ciwon gwiwa ya hana ta durƙuso, maƙwabciyar kuma Porzia ce. Kullum takan kai tsintsiya daidai iyaka ta tsaya, har tana tare ruwan kada ya tsallaka. Kunya ta rufe ta.

Washegari ta cika bokiti biyu. Tana cikin gurza duwatsun ƙofar Filomena sai ƙofar ta buɗe.

"Porzia, ɓatan kai kika yi?" in ji Filomena.

"Dattin ne ya ishe ni."

"Shekara huɗu ina bayan ƙofar nan ina jin tsintsiyarki," in ji Filomena. "Kullum sai in ce ko yau za ta ƙaraso."