Ranar da Yaya Ishaya Ya Ƙi Rungumar Bature

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da muka binne yayana, Malam Ishaya Nomau, a wani ƙauye da ke bayan Sabuwa. Shi mai bishara ne, ni kuma ƙanensa, tsohon malamin firamare. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin duk lokacin da na fara sai raina ya ɓaci. Bana ɓacin ran ne ma ya sa na zauna rubutun.

Mu Maguzawa ne daga wani ƙauye kusa da Sheme. Yaya ne ya fara karɓar Almasihu a gidanmu, ta hannun wani Baturen mishan da muke kira Dogo. Ba zan ci hakkin Dogo ba: ya warkar da gyambuna da yawa, kuma a wurinsa muka koyi karatu. Amma gidansa yana da dokoki. Baƙin mutum ba ya shiga ta ƙofar gaba ko da fasto ne. In kuma Dogo da matarsa suka shiga hutun rana, ba mai taɓa ƙofa sai la'asar.

Haihuwar fari ta zo wa Rifkatu, matar Yaya, da gardama. Ungozoma ta yi iya yinta ta ce sai asibiti, mota kuwa a duk yankin ta Dogo ce kaɗai. Yaya ya hau keke ya isa gidan da tsakar rana, ya tarar an rufe. Kukun gidan ya ce shi in ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, a bakin aikinsa. Yaya ya zagaya taga ya yi ta sallama har muryarsa ta dishe, sai aka amsa daga ciki cewa ya jira lokaci. Da motar ta iso ƙauye an riga an ciro jaririyar ba rai, Rifkatu kuma da ƙyar ta sha. Ranar Lahadi Dogo ya yi mana wa'azi a kan haƙurin Ayuba. Har yau in aka buɗe littafin nan a sujada sai in tashi in fita.

Shekaru suka ja, kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Ma'aikata suka sami ƙarin albashi, babura da rediyoyi suka cika Faskari da Ƙanƙara, majami'ar gari ta tashi daga laka ta koma siminti da kwano. Turawan mishan suna shirin miƙa komai ga 'yan ƙasa su tafi, sai aka shirya sujadar sulhu, inda za su nemi gafarar wariyar launin fata da suka nuna mana. Dattawan ekklesiya a lokacin akawuna ne da 'yan kwangila, wasu Hausawa, wasu 'yan kudu, kuma kowa ya san idonsu yana kan gidan mishan da motarsa.

Shugabansu, wani ɗan kwangila da ake kira Baba Markus, ya kira Yaya ina tsaye. “Malam Ishaya, kai za ka rungumi Bature a madadin mutanen ƙauye, a ɗauki hoto. Ban da tono tsohon zance.”

Yaya ya ce, “Na ji, Baba.”

Ranar sujadar mutanenmu suka zo daga wajen 'Yankara da 'Yargoje, wasu a ƙafa, wasu a bayan akori-kura. Aka shimfiɗa musu tabarmi a waje gindin ɗorawa, aka ɗaura musu lasifika a taga. Da kunnena na ji matar wani dattijo tana cewa in suka shigo warin daddawa da hayaƙi zai dami baƙi. A taron neman gafarar wariya ke nan, jama'a.

Dogo ya miƙe, ya tsufa. Ya ce in akwai wanda suka taɓa ɓata wa rai, ya yafe musu. Aka kira Yaya. Dogo ya buɗe hannuwa, mai hoto ya gyara tsayuwa, amma Yaya ya tsaya daga nesa.

“Malam Dogo, ka ce in akwai. To, akwai. Ɗiyata ce ta mutu ranar da kake hutu. Amma ba ni na yi naƙuda ba. Wadda ta yi tana waje bisa tabarma, don ba a bar ta ta shigo ba. In gafara kake biɗa, can za ka same ta.”

Baba Markus ya yunƙura zai karɓe magana, amma Dogo ya riga ya kama hanyar ƙofa. Na bi shi. Ya ratsa mata har ya sami Rifkatu, ya durƙusa a ƙasa ya ce, “Rifkatu, na ji muryar mijinki ranar nan. Na gane ta. Na juya na ci gaba da barci.”

Ta dube shi ta ce, “Na yafe maka tun tuni, don in samu in rayu. Tashi hakanan. Zauna nan cikinmu ka ji yadda wa'azi yake daga waje.”

A kan tabarmar nan ya zauna har aka tashi. Dattawanmu kuwa ko ɗaya bai leƙo ba. Mako bai zagayo ba suka zauna a kan Yaya, suka ce ya kunyata ekklesiya gaban baƙi, suka tura shi ƙauyen da ko keke ba ya shiga da damina. Turawa suka tafi, Baba Markus ya tare a gidan mishan. Wata rana da aka aike ni wurinsa, mai gadi ya nuna mini ƙofar baya.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya ga yau. Muna da fastoci da suka iya dogon jawabi a kan yadda Turawa suka raina baƙar fata, amma in saurayi ya zo neman 'yarsu sai sun bincika ko kakansa Bamaguje ne. Sujadar Turanci ta manya ce, ta Hausa kuwa sai a matsa ta zuwa lokacin da rana ta yi zafi. Mutanen ƙauyukanmu da rashin tsaro ya koro gari, ana tara musu tsofaffin kaya a ɗauki hoto, amma ban ga an sa ɗayansu cikin dattawa ba. Ina jin Yaya ba zai yi mamaki ba. Ya san mu tun kafin mu yi kuɗi.

Yaya bai mutu ya bar gida ba, bai bar gona mai yawa ba. Bai kuma taɓa zagin waɗanda suka tura shi daji ba, abin da ni na kasa. Ranar da ya rasu maƙwabtansa Musulmi ne suka haƙa kabarin tare da mu. Har yau a ƙauyen nan in mutum ya yi laifi ba a yarda ya tuba a gaban taro kawai, sai ya taka zuwa gidan wanda ya cuta ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wannan ne gadonsa, kuma a ganina ya fi rufin kwano.

Watan jiya wasu manya suka zo daga gari, cikinsu har da jikan Baba Markus. Sun gina sabon zauren taro, suna so su sa masa sunan Yaya, wai gwarzon sulhu. Suka zauna da ni suna ta bayani, ba wanda ya kula da tsohuwar da ke ɓarar gyaɗa a bakin ƙofa, sai da na ce musu ita ce mai izinin. Rifkatu ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, “Ku bar masa sunansa. Shi kaɗai ne ba ku karɓe masa ba.”