Ƙadangarun Yayana

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, ranar sadakar uku ta yayana. A falonsa na Vénissieux, a gefen birnin Lyon, akwai matarsa, da gwaggonmu Hajiya, da malamai biyu, da ni. Na taho daga Paris da jirgin safe. Na zauna inda aka nuna mini, sai na ga kantar da ke bayan talabijin wayam.

A kanta yake jera dinozor ɗinsa na roba, siffofin manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare. Ma'aikacin mangaza ne, wato ɗakin ajiyar kaya, bai haihu ba, kuma kowace Lahadi yakan tafi kasuwar tsofaffin kaya ta Lyon ya tono su cikin kwalaye. Sai ya kifa kowanne ya karanta abin da aka buga a cikinsa, shekara da ƙasar da aka ƙera shi. Tsofaffin kawai yake saye, masu tsayuwa miƙe suna jan wutsiya a ƙasa. Da buroshin haƙori yake wanke su. 'Yan garinmu suna ce musu ƙadangarun Malam.

A asibiti abu ɗaya ya roƙe ni: kada a raba su, in kai su ɗakina gaba ɗaya. Na ce to.

Da malamai suka shafa fatiha na bi Hajiya madafa.

"Gwaggo, kayan da ke kan kanta fa?"

"Gumakan? A karanta Alƙur'ani suna zare wa malamai ido? Na haɗa su da tufafinsa cikin kayan sadaka. Alhaji ya wuce da su tun jiya."

"Ya ce in riƙe su."

"Kai ma gemai-gemai da kai? Yaran gida su yi wasa, lada ta kai masa. Ungo, kai wa baƙi shayi."

Na kai shayin.

Alhajin ɗan kasuwa ne, yana loda kwantena daga Aubervilliers, a gefen Paris, zuwa gida, kuma kayan mamaci kyauta yake ɗauka. Ranar Litinin na je mangazarsa. Ya yi mini gaisuwar rashi mai tsawo, ya sa aka ba ni kujera tsakanin dilolin takalma, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ƙadangarun? Ai na gan su. Har wani mai dogon wuya ya huda mini buhu." Ya yi dariya, ya katse ta. "Malam, an rufe kwantena, mota ta ja ta zuwa bakin teku. Kuma abin da aka ce sadaka ne, da wane baki za ka ce a maido?"

Na ce haka ne. Ya ba ni ruwan kwalba, na sha rabi. Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na koma wurin aiki, na ƙarasa abin da na bari ranar Juma'a. Ban ji haushin kowa ba. Ban ji komai ba.

Bayan wata biyu ƙanwarmu ta turo bidiyo daga Maraɗi. An raba tufafin a masallaci, dinozor kuma gida-gida, kowane gida ɗaya. Mai dogon wuyan yana gidan maƙwabta, an ɗaura masa zare ana jan sa cikin rairayi.