Jinjina Ga Baba Dakata, Mai Tsaron Tagar Sakamako

Kafin masu shara su gama goge baranda, Baba Dakata ya riga ya iso asibiti. Yakan jingine tsohon babur ɗinsa a gindin tankin ruwa, ya shiga ɗan ofishinsa na ƙarƙashin bene, inda babbar kwamfutar asibitin take, wadda suke kira saba. Ɗakin sanyi ƙalau saboda na'urar, shi ya sa ko ana zafin da zai dafa ƙwai, za ka gan shi cikin rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu. Sai ya duba ya ga na'urar ta kwana lafiya, sannan ya zaga ya gaida mu. Matarsa kan ce sabar nan ita ce 'yarsa ta fari, sauran yaran duk ƙannenta ne.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, kuma a nan na same shi. Shi ya rubuta manhajar da muke shigar da sakamakon gwajin jini, har a buga wa marar lafiya takardarsa. Ko me ka je masa da shi da gaggawa, zai ɗaga hannu ya ce ka dakata tukuna, har sunan ya bi shi. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idanunsa sun gaji, har ya kai sai ya kusan manna fuska a allon kwamfuta kafin ya karanta abin da shi da kansa ya rubuta.

Akwai abin da ya yi wanda ba na so ya tafi ba a faɗa ba.

A teburin bayar da sakamako akwai wata baiwar Allah da muke kira Uwar Biyu. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da tagwayenta da surukarta. Aikinta ta nemo sunan mutum, ta danna maɓalli, sabuwar taga ta buɗe a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ɗauke da sakamakon, ta buga ta miƙa. Wata safiya wani direban motar haya ya zo karɓar nasa, ta yi yadda ta saba. Takardar ta nuna ƙodarsa ta kusa daina aiki. Maƙwabcinsa mai kemis ne ya karanta masa. Bawan Allah ya ajiye mota, ya daina cin abinci, ya tara 'ya'yansa yana yi musu wasiyya.

Ashe sakamakon nan ba a tantance shi ba. Injin gwaji ne ya samu matsala a ranar, shugaban ɗakinmu ya riƙe duk abin da ya fito don a sake. Da aka sake, lafiyar direban ƙalau. Babbar 'yarsa ta zo asibiti tana kuka tana faɗa, kuma da gaskiyarta. Aka kira taro, kowa ya juya kan Uwar Biyu, wai kwamfuta tana gargaɗi idan ba a tantance ba, ita ce ba ta duba ba. Ita kuwa tana zaune hannu a cinya.

Baba Dakata ya nemi a ba shi kwamfutarta. Ya danna maɓallin a gaban kowa, ya ja sabuwar tagar gefe, sai ga gargaɗin a ɓoye a bayanta. Ya bayyana cewa tagar tana buɗewa nan take, amsar saba kuwa sai daga baya take isowa, ta faɗa tsohon shafin da aka riga aka rufe wa fuska.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa babban likita, "ba laifinta ba ne. Ni na tsara abin, na buɗe ƙofa kafin in tambayi mai gida. In akwai wanda za a hukunta, ga ni."

Ba wanda ya tambaye shi. Da ya yi shiru, da har yau ba mu sani ba. Takardar gargaɗin da aka shirya wa Uwar Biyu, shi aka ba, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Da yamma ya nemi gidan direban, ya tsuguna ya ba shi haƙuri. Direban ya ce ya yafe, amma tun da har an yi wasiyya, yaran sun riga sun san wanda zai gaji motar, sai dai su ƙara haƙuri.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Da ya sa tagar ta jira amsar saba, sai burauza ta ɗauke ta a matsayin tallan nan masu faɗo wa mutum, ta riƙa toshe ta. Layi ya yi tsawo, mu kanmu muka riƙa yi masa ƙorafi. Wani abokin sana'arsa ya ba shi shawara ya buɗe taga fanko tun farko, in amsa ta zo da kyau a cika ta, in ba haka ba a rufe. Baba ya ce dabara ce mai kyau, amma ya san hannun mai gaggawa, da ya ga taga zai kai ga firinta. Abin da ya yi shi ne, in ka danna, shafin zai tambayi saba tukuna. In an tantance, koren maɓalli zai fito, ka danna da hannunka tagar ta buɗe, saba kuma ta sake dubawa kafin ta saki ko layi ɗaya. In ba a tantance ba, babu taga, sai jan rubutu a tsakiyar allo da dalilinsa.

Mun yi ta gunagunin danna abu sau biyu. Yanzu ko tunawa ba ma yi. Tun daga lokacin ban sake jin an miƙa wa wani takardar da ba a tantance ba.

Baba, kai ne mai gadin da ba a ganinsa a bakin ƙofa. Dubban mutane sun fita daga asibitin nan da takarda a hannu, sun yi wa likita godiya, sun yi mana, ba su san kana ƙarƙashin bene cikin sanyi ba. Ba ka taɓa riƙe allura ba, amma ka yi jinya. Tagwayen Uwar Biyu sun gama makaranta, kuma ta ce in faɗa maka ba ta taɓa ɗaga hannu tana addu'a ta manta da kai ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka kamar yadda ka riƙe amana.

Ku kuma masu rubuta manhaja, ku tuna a ƙarshen kowane layi da kuka rubuta akwai mutum zaune a kan benci, yana jiran a kira sunansa. In kuskure ya fito daga hannunku, ku miƙe ku ce naku ne, tun kafin a ɗora wa wadda ba ta da bakin kare kanta.