Mai Shuɗin Yatsu

Tana zaune kusa da ni a motar haya, farar rigar ɗakin gwaji a ninke kan cinyarta, yatsunta duk shuɗin rinin gwajin jini. Ko ɓoye su ba ta yi. Da gani ɗaliba ce, barci bai ishe ta ba, amma sai ɗaga kai take yi.

Ta ƙura wa hannun wata tsohuwa ido.

"Inna, jijiyarki ta yi kyau! Suka ɗaya zan samu jini."

Tsohuwar ta janye hannu. "Ke 'yar nan, rufa min asiri!"

Kowa na dariya ban da ni. Karatun nan na nema, ban samu ba. Yatsuna ma shuɗi ne, amma na tawadar hatimin ofis. Na cusa su cikin aljihu.